Abin da Ake Nufi da Bauɗaɗɗiya a Gidanmu

4 ga Maris

Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da matan shago. Yaya gwiwar nan taki? Mu nan lafiya lau. Jaririya ta cika wata biyar, ta fara kifewa da kanta, kuma duk abin da hannunta ya kai sai ya leƙa bakinta. Babanta yana gaishe ki. Na koma aiki tun watan jiya, uwar mijina ce ke zama da ita har in taso.

Na san kina fushi da ni saboda ba na ɗaga waya. Ki yi haƙuri, waya tana gajiyar da ni kwanan nan. Kuma tambayar da zan yi miki ba na so ta fito a karkace, shi ya sa na zaɓi takarda. Kin san aikina: shekara tara ke nan ina zaune da jan biro ina duba shafukan jarida kafin a buga. Na fi yarda da abin da zan iya karantawa sau biyu.

Ranar Litinin ina shirin sauka ƙasa da shafuka a hannu, sai mai tsara shafi ta nuna ni ga sabon edita, tana dariya, ta ce: “Kada ka damu da wannan, bauɗaɗɗiya ce. An ba ta ofis mai sanyi da kujera mai juyawa, amma sai ta je ta zauna kan naɗin takarda a gindin inji.” Kowa ya yi dariya, har da ni.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a ofishinmu. Muna da mai rubuta labarin wasanni da ke sa kwat komai zafi, bauɗaɗɗe ne. Tsohon editanmu ba ya rubutu sai da koren biro, ba ya kuma shiga lif. Shi ma bauɗaɗɗe ne. Na lura da yadda ake amfani da ita. Ana faɗa wa mutum a gaban idonsa, yana ji, yana dariya, wani ma har yana jin daɗi. Ba kamar “taɓaɓɓe” ba, wadda ba a faɗa sai mutum ya juya baya. Na duba ƙamus, abin da ya ce bai wuce wanda ya kauce wa hanyar da kowa ke bi ba. Babu cuta a ciki.

Amma a gidanmu ba haka na ji ta ba. Ina shekara shida Mama ta rasu, kuma tun daga lokacin, duk sanda aka ambace ta, sai wani ya ce, “Allah ya jiƙanta, bauɗaɗɗiya ce,” sannan a yi shiru, sannan a kawo wata magana. Ba wanda ke dariya. Baba, ƙanenki, har ya koma ga Allah bai ƙara mini ko kalma ɗaya a kan wannan ba. Abin da na sani kawai shi ne mota ce ta buge ta.

Ke kaɗai kika rage wadda ta san ta sosai. Shekara takwas kekenta yana kusa da naki a shagon nan. Don Allah ki gaya mini: me take yi da har kuka sa mata wannan suna, kuma yaushe ta fara?

Ba wani abu ba ne. So nake kawai in sani.

’Yarki

19 ga Maris

Malama Mai Jan Biro,

Na amsa gaisuwarki, ina kuma gaishe da maigidanki da uwarsa. Ki dungure mini kan ƙawata, ki ce mata rigarta tana nan rabi, sai ta zo da kanta an gwada. Gwiwa da sauƙi. Ta koyi hali irin na masu kawo ɗinki, ba ta tashi damuna sai ina sauri.

Ki karanta wannan da biron ki a aljihu. Na san za ki sami kuskure goma kafin ki kai ƙasa.

Bauɗaɗɗe ai ba zagi ba ne, ’yar nan. Mu a shago, in ɗinki ya bar layin alli ya kama gabansa, shi muke ce wa ya bauɗe. Rigar za ta sawu, sai dai ba inda aka zana aka bi ba. Mutum ma haka. Kakanki ba ya shan ruwa a kofin da wani ya sha, ko da an wanke shi sau bakwai, kuma ya yi shekara tamanin da hankalinsa garau. Kowane gida da nasa. Ki bar ’yan ofishinku su yi ta faɗa.

Maganar mahaifiyarki kuwa ba ta takarda ba ce. Ki bari sai na gan ki.

Abu ɗaya zan tambaye ki. Wannan zama a gindin inji, yaushe kika fara shi?

Goggonki

28 ga Maris

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta ƙara sauƙi. Jikinmu lafiya. Sauran kuma za ki gani.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Ke da kike cika shafi uku kan tsadar zare kaɗai, wannan karon ko shafi ɗaya ba ki cika ba. Rubutunki ya yi manya-manya, yana sauka daga kan layi kamar hannunki ba ya zaune. Kin ba ni labarin Kaka da kofinsa, kin tsallake Mama. Sannan kin tambaye ni yaushe na fara. Ba a tambayar mutum yaushe ya fara abu sai in an taɓa ganin inda abin ya ƙare.

To, bari in faɗa miki duka, yadda zan rubuta rahoto.

Na fara ne tun cikin jaririya yana wata bakwai. A ofis, inda babu motsin komai sai na fanka, mutane suna magana ina ganin bakinsu yana motsi amma maganar ba ta haɗuwa. In an kira ni daga baya, sai an taɓa kafaɗata. Na yi zaton kunne ne. Sai dai ga abin da ya rushe wannan zato: in na sauka ɗakin injina, inda ƙasa ma rawa take yi, ina jin kowace kalma. Babban mai inji yana tsokanata wai na fi su kunne, su da suka yi shekara ashirin a wurin. Mai ciwon kunne ba ya jin magana a cikin hayaniya ya kasa jin ta a cikin shiru. Saboda haka ba kunne ba ne. Hankalina ne ke tafiya wani wuri in an yi shiru, sai ƙara mai ƙarfi ke dawo da shi.

Na biyu, ina jin wani ƙugi, kamar famfo a ɗakin maƙwabta. Sau biyu ina tashi in duba banɗaki. Na tambayi maigidana ko yana ji, ya ce babu komai. Ban sake tambaya ba.

Na uku, kowa yana ce mini in ɗaga murya, ni kuwa a kaina ji nake kamar ihu nake yi. Na daina cin abinci tare da mutane, domin in ina tauna, hirar duniya sai ta ɓace mini.

Ki haɗa su, Goggo. Ina jin abin da babu, ba na jin abin da ke akwai. Na karanta littattafai da yawa, na san sunan da ake ba irin wannan.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ki ba. Ranar Asabar da rana ina falo ina ninke kayan wanki. Jaririya tana barci a ɗaki, ƙofa a buɗe, tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Gidan shiru. Sai kawai na ga uwar mijina a tsakiyar falo, ko takalmi ba ta cire ba.

“Ke! Tun daga bakin get nake jin yarinyar nan!”

Muka ruga. Ƙafarta ta shige tsakanin sandunan gado, ta yi kuka har muryarta ta dushe, fuskarta ta yi jawur, rigarta sharkaf. Allah ya tsare, ba ta karye ba, sai shatin ƙarfe a cinyarta. Uwar mijina ta ɗauke ta, tana jijjiga ta, tana kallona. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba kafin ranar.

“Kina ina?” ta ce.

“Ina nan falo, Mama.”

“A’a, ’yata. Jikinki ne ke falo.”

Washegari maigidana ya zaunar da ni, ya riƙe hannuna, ya ce mahaifiyarsa ta tambaye shi ko a danginmu akwai wanda ya taɓa yin irin wannan. Na ce ban sani ba. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi kalmar ba. Sun kawo shawara a mayar da jaririya gidan uwar mijina, can ɗaya gefen gari, har in “huta”. Na ce a ba ni lokaci.

Ba na neman lallashi. Idan Mama ta taɓu ne kuka rufa mata asiri da kalma mai laushi, na gode muku, amma yanzu rufin yana iya kashe mini ’ya. Ki faɗa mini gaskiya. Kuma motar nan: ita ta same ta, ko ita ta je ta sami motar?

’Yarki

29 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru, ko da yake ban san wace irin lafiya ce za ta sa hakan ba. Wata guda ke nan. Na sa maigidana ya kira wayarki sau uku, a kashe.

Na ɗauki shirunki a matsayin amsa. Ban ga laifinki ba. Wataƙila ni ma da haka zan yi.

Ga abin da muka yanke. Ranar sha takwas ga Mayu jaririya za ta koma wurin kakarta. Na fara saba mata da kwalbar madara, tana ture ta tana neman jikina. Ranar ashirin zan ga likitan ƙwaƙwalwa. Ni na nemi ganinsa, ba wanda ya tilasta ni. Kafin nan ba na yarda a bar ni da ita mu biyu. Ba na sauka bene da ita a hannu. In tana barci, kujera nake ja in zauna a gaban gadon ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, domin idona kaɗai na yarda da shi yanzu.

Jiya mai tsara shafi ta sake cewa, “Bauɗaɗɗiyarmu ta sauka fadarta.” Da so take faɗa. Na shiga banɗaki na kulle, na daɗe ban fito ba.

Ko layi ɗaya ne, ki rubuto.

’Yarki

9 ga Mayu

Ɗiyata,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata ƙalau yanzu, kuma kada ki ba da yarinyar nan tukuna. Na sa wannan a sama don ko ba ki karanta sauran ba ki ga wannan.

Ba shiru na yi miki ba. Aikin ido aka yi mini, dama da hagu, sati uku tsakani, ina kwance gidan ƙanwar mijina. Wasiƙunki biyu suna shago a ƙarƙashin gwangwanin maɓallai, ba wanda ya ga ya kamata ya kawo mini. Shekaranjiya na karanta su, da idona, ba tare da na kai takarda bakin hanci ba.

Sai na fara da kaina, don ta nan na gane. Shekara biyu yanar ido tana rufe mini gani, ban gaya wa kowa ba. Tela ta ce ba ta gani, wa zai sake kawo mata yadi? Sai na daina karɓar baƙin yadi da shuɗi mai duhu, na ce ba na son su, suna kawo mini ciwon kai. Na ja kekena zuwa bakin ƙofa, na ce iska nake so. Na daina sa zare a allura da kaina, na ce girma ya zo, dole a yi mini hidima. Ran nan ina bayan labule ina gwada wa wata riga, sai na ji mai yankan yadi a shagonmu tana ce wa wata mai kawo ɗinki, “Ai uwar ɗakin namu tsufa ya mayar da ita bauɗaɗɗiya, sai haƙuri.” Wallahi daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, sun ba abin suna, ba za su ƙara bincike ba. Wasiƙar da kika ce hannuna ba ya zaune, layin ne ba na gani.

Yanzu ga mahaifiyarki.

Ta zo gidanmu mace mai fara’a, mai hira. Ni na kawo ta shago don hannunta yana da kyau, ba ta taɓa ɗinka hannun riga sau biyu ba. Bayan ta haife ki ne ta canza. In kekuna shida suna gudu, shagon ya cika da ƙara, ita ce sarauniyar hira, har tana amsa wa wadda ke can ƙarshen ɗaki. Da an tsaya cin abinci, an yi shiru, sai ta ɗauki kwanonta ta koma lungu. A yi mata magana ta yi murmushi kawai, ko ta ba da amsar abin da ba a tambaya ba. Wata rana aka ce mata mijin wance ya rasu, ta ce, “Madalla.” Ta juya kekenta ya fuskanci ƙofa, alhali kowa nasa bango yake kallo. Muryarta ta koma kamar ta mai raɗa. Tana yawan tambaya wa ya bar famfo a buɗe. A gida, in kina barci, da zare take ɗaure ƙafarki ta ɗaura ɗaya bakin a yatsanta, tana aiki tana jan sa a hankali. Mun yi dariyar wannan har da hawaye.

Ni na fara kiranta da sunan. Ni ce babbar yayar miji, in na faɗi abu kowa sai ya ɗauka. Da wasa na faɗa, a gabanta, ta yi dariya. Daga ranar ba wanda ya sake tambayar me ke damunta, har ni. In ta yi wani abu sai a ce ai kun san ta. Ko asibiti ba mu taɓa tunani ba. Wa ke kai bauɗaɗɗe asibiti?

Kin tambayi motar. Shekara ashirin da takwas ban ba kowa wannan labari ba. Da safe ne, mun yi faɗa. Na ce mata ta rage tsawon wata riga, ta ƙara shi, yadin mutane ya lalace. Na gaya mata maganganu. Na ce na gaji da bauɗewarta, ta je can ta ƙarata. Ta ɗauki mayafinta ta fita ta ƙofar baya, ta lungun da motocin kaya ke juyawa. Lungun shiru ne, ba kowa. Wata babbar mota tana ja da baya a hankali, a hankali ƙwarai, ko yaro zai kauce. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na kira ta. Na kira sunanta sau uku, na ukun da duk ƙarfina. Ba ta juyo ba. Ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba.

Shi ya sa muke yin shiru bayan mun faɗi kalmar. Mahaifinki ya ɗauka hankalinta ne ya gushe. Ni kuwa na ɗauka ta ji ni sarai, ta ƙi juyowa saboda abin da na faɗa mata. Da wannan nake kwana nake tashi.

Da na karanta lissafinki, famfo, da raɗa, da gindin inji, sai na ga kamar ita ce ta rubuto. Sai kuma na tuna baƙin yadin da na ce ba na so. Ni ba likita ba ce, ɗiyata, kuma ban san amsar hujjarki ta jin magana cikin hayaniya ba. Ke ce mai karatu. Amma na san mace da ke ɗaure ƙafar ’yarta da zare ba hankalinta ne ya tafi ba. Hankalinta yana nan, wani abu ne daban ya tafi, take neman abin da zai tsaya a madadinsa. Ke ma da kike jan kujera gaban gado haka ne.

Ki je a duba miki kunne kafin a duba miki kai. In na yi kuskure, kwana ɗaya kika rasa.

Na ba direban da ke kawo mana yadi wannan ya kai miki hannu da hannu, ban yarda da gidan waya ba. Ki ba shi ruwa, yana da surutu amma mutumin kirki ne.

Goggonki

23 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki barka da ido. Da kin gaya mini da na zo na zauna da ke. Wannan faɗan na ajiye shi sai mun haɗu. Mu nan lafiya. Jaririya tana nan a gida. Yanzu haka tana kan tabarma kusa da ƙafata tana cin kusurwar ambulan ɗinki.

Wasiƙarki ta iso ranar sha ɗaya. Ban yarda da ke ba, gaskiya. Na je wurin likitar kunne ne don in rufe wannan ƙofa, in tafi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da sauran shakka ba. Uwar mijina ta ce za ta raka ni. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangonsa duk soso, aka sa mini abin ji a kunne, aka ba ni maɓalli in danna duk sanda na ji ƙara. Na zauna ina jira a fara. Ta cikin gilashi ina ganin uwar mijina ta dafe baki. Ashe an daɗe da farawa.

Sannan likitar ta ɗora wani ɗan ƙarfe mai rawa a kan ƙashin bayan kunnena. Goggo, sai ga ƙara tar, kamar an buɗe taga.

Ta zana mini a takarda. Akwai wani ɗan ƙashi a can cikin kunne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, aikinsa ya yi ta motsi yana miƙa sauti ciki. Nawa ya fara ƙagewa, duka biyun, na hagu ya fi. Ta ce yana bin jini, ya fi kama mata, kuma sau da yawa ciki ne ke tayar da shi. Ƙugin daga nan yake. Raɗar ma daga nan: muryata tana zuwa mini ta ƙashin kaina, shi ya sa nake jin ta da ƙarfi. Na kawo mata hujjata ta ɗakin injina, wadda na yi wata da watanni ina gina tsorona a kanta. Ta yi dariya, ta ce kusan duk mai wannan ciwo da ita yake zuwa. A cikin hayaniya kowa ɗaga murya yake yi, ni kuma kunnena ya riga ya tace mini rugugin injin. Shi ke nan. Ni da nake kama waƙafin da ya ɓata a shafi sha shida.

Za a ba ni na’urar ji mako mai zuwa. Akwai kuma aiki da ake yi, za mu yi maganarsa bayan yaye. Maigidana ya sayo wani abu mai fitila da ke walƙiya in jaririya ta yi kuka. Na soke ganin ɗaya likitan.

A mota muna dawowa, mun kusa gida, sai uwar mijina ta juyo, ta kama haɓata ta juya fuskata gare ta, ta buɗe baki sosai ta ce, “Kwalbar nan, ki jefar da ita.” Sannan ta ce, “Kuma ni da nake ta yi miki gulma a kicin ina cewa yarinyar nan akwai haƙuri, ba ta taɓa tankawa ba!” Muka yi ta dariya har direba ya waiwayo.

Tsoron bai tafi duka ba. Na tambaya ko jaririya za ta gada, aka ce mai yiwuwa, ba a sani ba sai ta girma. Amma wannan tsoro ne da ke da ranar zuwa asibiti, zan iya zama da shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na rubuto yau ban jira na’urar ba. Kafin mu fito, na ce uwar mijina ta jira ni a waje. Na ba likitar labarin Mama kamar yadda kika rubuta, ban rage komai ba: shekara shida da fara ciwon, ba magani, lungu shiru, mota a hankali, mai kira a bayanta, nisan ƙofar shago zuwa tsakiyar lungu. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci kan wadda ba ta duba ba. Na ce na sani, amma in ni ce, a bar ni shekara shida haka, zan ji? Ta daɗe tana kallon takardar gwajina, sannan ta girgiza kai, alamar a’a.

Rigar ma, Goggo, da kika ce ta rage ta ƙara, ina jin ba ta ji daidai ba ne. Kiran kuma bai kai gare ta ba ko sau ɗaya. Ba ƙin juyowa ta yi ba. Tafiya kawai take yi a lungu mai shiru, tana jin haushin yayar mijinta, kamar yadda kowa ke yi, da niyyar ta dawo bayan azahar ta ƙarasa ɗinkinta.

’Yarki